Mabuɗi Biyu

Ɗaya na wuyana, a zare guda da laya,
ɗaya na aljihun Illa mai awo.
Ƙofar rumbun nan ba ta jin mutum guda,
ko ni ce, ko da yunwa ce ta aiko.

Da can, kaka na yi, motar Kasuwar Dole
za ta tsaya gindin gawo tana huci.
Mu auna mata hatsi, tiya dala tamanin,
a sayi gishiri, a toshe bakin mai bashi.
Damina na sauka, hatsin nan dai namu
ya dawo daga Zinder cikin buhun wani,
tiya jaka guda,
kamar bai san hannun da ya sussuke shi ba.

Shekarar da Lawali ya tafi ƙodago gonar mutane
ya bar tasa tana kukan maimai,
muka zauna, mu ashirin da uku,
kowa ta zubo tiya uku a tabarmar Habsu.
Maza suka ce ko ɓera ya raina.
Ba mu tanka ba. Muka yaɓe ƙofa.

Daren wata Laraba, ruwa ya yi gardama kwana sha tara,
Barira ƙanwata ta yi sallama ƙasa-ƙasa.
Ta dubi wuyana, ba ta dubi idona ba.
Na ce, ɗaya gare ni, 'yar uwa.
Na kankare mata gindin tukunyata,
na kwana mabuɗin na ƙuna a ƙirjina.

Da asuba na bi gida gida.
Kafin hantsi mun fasa yaɓe,
Illa na awo, Habsu na jan layi a bango da gawayi:
ka ɗauki goma, kaka ka maido sha ɗaya.

Ba na cewa mun gama da yunwa.
Gara ta ci mana buhu biyu,
Ɗan Jimo har yau yana sauya hanya in ya hango ni.
Amma Lawali ya yi maimai a gonarsa,
wake ya yaɗu ƙarƙashin hatsi,
Barira ta maido sha ɗaya, ta ɗora kuka a kai.

Bana motar ta zo, ta yi huci har la'asar.
Na ji ƙarar bayanta sa'ad da ta juya:
rabinta iska ne.