Yashin da Muka Tara

Damina uku ke nan takardar na cikin leda,
ledar na cikin jaka, jakar na ƙarƙashin matashina.
An rubuta an amince, an buga shuɗin hatimi.
Ni na karanta wa jama'a a gindin ɗorawa,
Baba Jatau ya ce in sake, na sake,
guɗar mata har hayin rafi aka ji ta.

Kwalbati ɗaya muka roƙa, ko gada ba mu ce ba.
Inda motar masara za ta bi ta kai Saminaka
ba sai ta durƙusa cikin laka
kamar saniyar da ciwon kofato ya kama ba.

Aka ce mu fara kawo namu kason.
Muka kawo: yashi a ka, yashi a amalanke,
tsakuwar da samari suka fasa bayan la'asar.
Shekarar farko tulin ya fi ni tsawo,
ta biyu awaki suka mai da shi wurin shan hantsi.
Bana rafi ya zo cikin dare ya kwashi abinsa,
da ma a wurinsa muka ara.

Na san hanyar Kaduna kamar yunwar cikina.
Asuba a tasha, hantsi a Pambeguwa,
kafin azahar na sauka Kawo,
sai bene, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe,
da bencin nan mai ƙafa ɗaya a kan bulo.
Oga ya shiga taro.
Oga ya tafi Abuja.
An canja oga.
Fayil ya hau sama, ba a ga saukowarsa ba.
"Ana kai, Malam Tanimu, ka leƙo wani mako."
Mai shayin bakin ƙofa ya daina tambayata
cokali nawa zai zuba.

Ran da aka sa hannu
kuɗin na sayen siminti buhu ɗari biyu.
Yau ko tamanin sai da ciniki.
Suna kwance a inda suke, suna ramewa
ba tare da kowa ya taɓa su ba.

Amma ba Kaduna ke hana ni barci ba, gida ne.
Na sayar da waken suya na sauya kwano uku a ɗakina,
tun ranar gaisuwa ta gajarta.
In na doso majalisa sai zance ya koma kan taki.
Lantana ta dawo daga niƙa ba ta ci tuwo ba,
wata ta ce da ita, su matar sakatare ana shan inuwa.
Me zan nuna musu? Takarda?
Sun ga takarda.

Da azumi Baba Jatau ya cika.
Babban yatsansa ne a kan fom na farko,
har yanzu tawadar ba ta koɗe ba.
Suka ce mamaci ba ya cirar kuɗi:
a sake zaɓe, a kawo rantsuwar kotu,
hoto bibbiyu, a fara daga ƙasa.

Jiya bayan isha wayata ta yi ƙara.
Banki ne. Gabana ya faɗi, na nemo tabarau,
na karanta a hankali kamar mai bitar allo:
an cire naira hamsin, ladan ajiyar asusu.
Ban faɗa wa kowa ba.

Da safe na ji kukan taya a bayan danga.
Dantala ne, jikan Baba Jatau,
amalanke cike da jiƙaƙƙen yashi.
Ya ce, "Sakatare, ina za a juye?"
Na daɗe ina dubansa.
Sannan na nuna masa can kan tudu,
nesa da bakin ruwa.