Gurbi Goma Sha Biyu

An aiko ni Valparaiso da takarda mai gurbi goma sha biyu
in auna ko haɗin gwiwar nan ya haifi ɗa mai ido.

Na hau matakala ɗari da ɗoriya
har zauren da iskar teku ta cinye wa ƙofa.
Makaranta ta ba da ɗakin,
ƙungiyar masunta ke biyan wuta,
Ximena mai gidan burodi na turo kwantan jiya,
nas ɗin unguwa kuwa sai Laraba,
in ta samu sarari.

Na nemi adadi, aka ce arba'in da ɗaya.
Tsoho Eleuterio ya gyara murya: talatin da takwas.
Uku sun ɗauke ƙafa tun Yuni
ba wanda ya bi sawu.
Makaranta ta zaci asibiti ya je,
asibiti ya zaci masunta.
Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, aka ce,
amma ta tsakanin yatsu gishiri ke zubewa.

A lungu, Nahuel, ɗan sha huɗu,
yana koya wa wata 'yar ƙarama ƙullin koma,
a hankali, ba tsawa.
Bara, in ji su, ko sunansa ba ya amsawa.
Na bi guraben ɗaya bayan ɗaya,
ba inda ƙullin nan zai zauna.

Na rubuta shi a gefe, da fensir.
Ƙarƙashinsa sunaye uku
da tambayar da zan ajiye musu ranar taro:
a cikinku, wa zai ƙwanƙwasa ƙofar?