Gurbi Ɗari Biyu da Hamsin da Shida

Ƙarfe uku da rabi, rana ta riga ta faɗi a Tartu.
Haka take mana a Disamba,
ta leƙo kamar mai bin bashi, ta juya.
Ina ɓare lemo a ofis saƙon ya shigo
daga wata ɗaliba, Merike Sepp,
ko gaisuwar kirki babu:
"Buɗe wannan shafin, amma ba a kwamfutar gidanka ba."

Na buɗe.
Burauza ta ƙame, ta shure, ta mutu.
A inda gawar ta faɗi
lamba ɗaya ce ke maimaita kanta,
arba'in da ɗaya, arba'in da ɗaya, arba'in da ɗaya,
wato harafin A
ya harɗe a kujerar da ba tasa ba.

Na san layin. Ni na rubuta shi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan,
makon da aka haifi Piret,
ƙafa tana jijjiga gadon jaririya,
hannu ɗaya yana kan madannai.
Na ware gurbi ɗari biyu da hamsin da shida
don sunan salon rubutu,
na ce wane mahaukaci zai raɗa suna
da ya fi haka tsawo?
Ban tsayar da mai awo a bakin mudu ba.
Na tafi dama madara.

Merike ɗari uku ta zuba.
Mudu ya cika bai ce ya isa ba.
Na'ura ba ta san ƙoshi ba, ba ta san kunya ba,
abin da ka ce ta zuba, shi take zubawa.
Rarar ta tumbatsa, ta malala ɗakin maƙwabci,
ta shafe 'yar takardar
da manhaja ke rubuta adireshin komawarta gida.
Duk wanda ya cike takardar nan da hannunsa
shi zai ce mata ga hanya,
ita kuwa ta bi, ba tambaya.

Yau A ce, don yarinyar tana da mutunci.
Wa ya san wanda ya riga ta zuwa
bai aiko wa kowa wasiƙa ba?

Sai na tuna Salme, mahaifiyata, can tsibirin Saaremaa,
mai murɗa makulli sau biyu,
ta dawo ta girgiza ƙofa ta tabbatar.
Da wannan burauzar take biyan kuɗin wuta,
da ita take kallon hotunan jikarta.
Shekara goma sha ɗaya taga a buɗe a bayanta,
ɗanta ne kafintan.

Gyaran layi ɗaya ne:
in ya fi gurbi, a ƙi karɓa.
Ban gama cin lemon ba na gama rubuta shi.
Aivar ya duba, ya sa hannu, bai ɗago ya kalle ni ba,
na gode masa da hakan.

Daren Talata faci ya fita.
Na bi gadar kogi da ƙafa, ƙanƙara na ƙara ƙarƙashin takalmi,
ina ƙirga tagogin da ke da haske.
Bayan kowace akwai wanda allo zai tambaya:
a sabunta yanzu, ko anjima?

Na san wanda Salme ke dannawa.
Na cire safar hannu da haƙori,
na kira ta.