Kurwar Goge

Shagon Evaristo Maldotti yana bayan coci a Cremona,
a lungun da hazon kogin Po ke kwana har hantsi.
Na zo masa ina 'yar shekara sha tara.
Ya dubi tafin hannuna, bai dubi takarduna ba,
ya miƙo mini tsintsiya.
Wata bakwai ina sharar ɓawon katako
kafin ya bar ni in wasa wuƙa.

Daga duwatsun Fiemme ake kawo masa itace,
saran hunturu, sa'ad da ruwan jikin bishiya ya kwanta.
Ya jera su a ƙarƙashin rufi, kowanne da shekararsa da fensir.
"Wannan ubana ya ajiye mini," in ji shi.
"Wancan ba zan taɓa shi ba, Nives.
Naki ne, in kin jure."

Yakan riƙe allo da yatsu biyu,
ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne,
kamar mai sallama a ƙofar gidan
da bai tabbata da mutane a ciki ba.
In an amsa, sai ya ɗauki kurfi.
In shiru, murhu ya samu abinci.

Gam ɗin fata yana tafasa a tukunyar tagulla,
warinsa ya kama gashina, har a motar haya ana matsa mini.
Goguna bakwai rataye a igiya, farare,
suna jiran shafe na goma sha biyu da rana mai kirki.

Akwai wani ɗan sanda, bai kai ƙaramin yatsa ba,
ana zura shi ta tsagar gaba
ya tsaya tsakanin ƙirji da baya,
ba gam, ba ƙusa, nauyin tsirkiya huɗu ke riƙe shi.
Mutanen garin nan kurwa suke ce masa.
Gusa shi kaurin gashi,
muryar ta zama ta wani.

Wata Talata mace ta zo daga Trieste
da goge a naɗe cikin rigar sanyi, ƙirjinsa a tsage.
Ya gane shi tun daga bakin ƙofa.
Shekara arba'in da ɗaya rabonsu.
Ya buɗe shi da siririyar wuƙa, a hankali,
ƙura ta fito, da ɗan ƙullin gashi, da sunansa da tawada ta koɗe.
Ya auna. Ya sake aunawa.
Gefen hagu ya fi na dama kauri.

"Daren nan Ilde tana naƙuda a sama," in ji shi,
"ina jin ta ta cikin silin.
Na yi sauri."

Na ce, "Bari in kankare, minti goma ne."
Ya dafa wuƙar da yatsa ɗaya.
"Matar nan shekara talatin tana kiɗa a kan kuskurena.
Ta san inda yake tari, ta san yadda ake lallashinsa.
Ki ɗinke tsagar, ki bar mata abinta."

Daga baya kunnensa ya tafi, na hagu, sannan ɗayan.
Bai faɗa ba.
Na dai ga yana ɗora kan goge a ƙashin muƙamuƙi,
ya rufe ido, ya ce in ja izga,
yana sauraro da haƙora.

Bara muka kai shi makwanci, ana yayyafi.

Yau na hau tsani na sauko da itacen nan.
Ya yi sauƙi a hannu, ya yi launin zuma.
A jikinsa, ƙarƙashin shekarar,
ya rubuta sunana ba daidai ba,
tun makon da nake shara.

Na riƙe shi da yatsu biyu.
Na ƙwanƙwasa.