Wardi da Farin Mai

A kwarin Kazanlak, ƙarshen watan Mayu,
mahaifiyata Tsvetana kan riga zakara tashi,
ta ɗaura buhu a ƙugu, ta faɗa gonar wardi,
raɓa na jiƙa ta har gwiwa.
Fure sai da sanyin asuba, in ji ta,
rana na leƙowa take sace masa ƙanshi.

Shekara arba'in da ɗaya tana wannan tsinka.
Yatsunta sun san ƙaya kamar yadda harshe ya san haƙori.
Buhu kan buhu ake juyewa a tukunyar tagulla,
wuta ta yi nata, tururi ya yi nasa,
a tashi da abin da bai cika cokali ba.

Ni kuwa, Nevena, 'yarta ta tsakiya,
farar riga nake sawa a kantin magani,
ina karanta ƙananan rubutun bayan kwalba,
sunayen sinadarai masu tsawon layin dogo
waɗanda Mama ke kira surkulle.

Da ɗana Boyan ya zo, dusar ƙanƙara ta rufe dutse,
kumatunsa suka bushe, suka dare.
Mama ta narka kakin zuma a kasko,
ta zuba man zaitun, ta ɗiga wardi sau uku,
ta shafa masa tana yi masa kirari.
Kafin gari ya waye fuskar ta zama garwashi,
yaro na kuka, yana kai hannu yana susa.

Likita ta rubuta mana wani farin mai,
ba ƙanshi, ba launi, ba labari,
daga masana'anta, cikin roba mai araha.
Kwana huɗu, fata ta kwanta.

Mama ta ƙi cin tuwon dare, ta ƙi kallona.
Can ta ce, wato furen da ya biya kuɗin makarantarki
shi ne yau ya zama dafi?
Abin da ya tsiro a ƙasa ya gaza,
sai abin da inji ya yi amai?

Na ce, Mama, ƙayar ma a ƙasa ta tsiro.
Zumar da ta ba ki kaki
ita ta harbi Baba har idonsa ya rufe.
Laimar kwaɗin da ta kwantar da maƙwabcinmu Dobrin
ba injiniya ne ya ƙera ta ba.

Sai dai ban faɗa mata sauran ba.
Ban ce na ga matan da man kanti mai tsada ya ƙone ba,
sun zo da gyale a fuska suna neman agaji.
Ban ce na san kwalin da ake zana wa koren ganye
a sayar da ruwa da turare kuɗin albashin mako ba.
Ban ce hannuwana, duk sanyin bara,
ba abin da ya rufe musu tsaga
sai haɗin kaskonta ba.

Na ɗora su a sikeli na gaji.
Yau wannan ya rinjaya, gobe wancan.
Fata ba ta yi boko ba, ba ta karanta kwali,
ba ta tambayar mai ko ɗan gidan wa ne.
Ta karɓa, ko ta yi ja.

Daren Talata na farka ban ji kuka ba.
Na leƙa, ga Mama a bakin famfo
tana wanke hannu da sabulu, har sau uku,
tana shinshinawa ko wardi ya tafi.
Ta lakaci farin man da yatsan nan mai tabon ƙaya,
ta bi kumatun jikanta a hankali,
bakinta na motsi, ban ji me take cewa ba.

Da ya yi barci ta ja kujera can jikin taga,
nesa da gadonsa,
ta buɗe 'yar kwalbarta,
ta ɗiga ɗaya a bayan kunnenta.