Ƙugiyar Ƙofa

Shekara talatin da bakwai ina riƙe da buroshi.
Daga Mandawari zuwa Ƙofar Wambai
da wuya ka bi layin da hannuna bai bar wa kalma ba.
SHAYI DA BUREDI. ANA DINKI. BA BASHI YAU, SAI GOBE.
Ban gama aji uku ba a boko.
Kalma a wurina fuska ce,
ina gane ta kamar maƙwabci daga nesa,
da tafiyarsa, da karkatar hularsa.

Yanzu ga Walida, shekara huɗu da 'yan watanni,
ta miƙe ƙafa a tabarmata,
wayar uwarta a cinya, gilashin ya tsage ta gefe.
Wata mata a ciki, ba ta gajiya, ba ta tsawa:
"Ina ruwa?"
Kalmomi uku na iyo kamar kifi a kwano.
Ɗan yatsa mai maiƙon awara
ya sauka kan ta tsakiya.
"Madalla!" Taurari suka zubo.
Ni da na rubuta RUWAN SANYI ya fi sau ɗari
ba wanda ya taɓa zubo mini tauraro.

Gida. Kaza. Nono. Ƙofa.
Ba ta haɗa baƙi da wasali,
babu ba-bi-bu irin namu, da bulala a sama.
Kallo ɗaya, ta kira sunan.
Na ce wa Rumasa'u, "Wannan wasa ne, ba karatu ba."
Ta ce, "Baba, kai da me ka fara?"
Na ci gaba da wanke buroshi a kalanzir.

Ran Talata aka ɗauke wuta tun asuba,
caji ya mutu ana tsakiyar kaza.
Kuka har zaure.
Na ɗauki gwangwanin jan fenti,
na ce taso ki raka ni, uwar rigima.

Ashe garin ma waya ce, babba, ba ruwanta da caji.
"Kaka, ruwa!" a jikin kurar mai garuwa.
"Kaka, kaza!" a rumfar Ɗanliti mai gashi.
Bango ya ce WANNAN GIDA BA NA SAYARWA BA NE,
ta tsinto gida daga ciki
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ni ne matar cikin waya, ina ta madalla,
taurarina alawar naira hamsin.

A shagon maganin Sabi'u ta ja birki.
A RUFE KOFA.
Aikina ne, tun kafin a yi auren uwarta.
"Wannan ba ƙofa ba ce."
"Ƙofa ce mana, ni na rubuta."
"A'a. Ta wayar Umma tana da ƙugiya a ka.
Wannan an yi mata aski."

Malamai sun shiga ta nan sayen maganin tari,
'yan jami'a sun jingina da bangon suna jiran canji,
ba wanda ya ce uffan.

Na ari benci.
Gwiwa ta yi ƙara, hannu ya ɗan yi rawa,
na lanƙwasa wa harafin kansa.
Sabon ja a kan tsohon ja, kowa zai gane gyara ne.
Ita tana ƙasa, hannu a baya,
kamar mai duba aikin kwangila.
Ta daɗe tana kallo.
"Madalla," ta ce, da muryar matar nan sak.

Bayan magariba wuta ta dawo.
Ta koma kan wayarta, na matso da tabarau a hanci.
Ɗaki. Ɓera. Ƙasa.
Tana taɓawa, taurari na zuba,
ni kuwa ina ƙirga bangaye a raina.
Akwai telan nan na Mandawari.
Gobe sai na ari tsani.