Rige-rige a Sito

Ƙarfe biyun dare a Aliero.
Janareto ya yi tari sau biyu, ya daure,
ni da kwamfuta muna kallon-kallo
kamar mai bashi da wanda ake bi.

Sau dubu tara na gwada ta, ta wuce lafiya.
A na dubu tara da ɗaya ta sandare,
allo ya cika da lambobi,
wasiyyar wanda rai ya bari bai gama magana ba.

Can ciki, a cibiyar tsarin,
inda ba a shiga sai da izini,
ƙwaƙwalwa sito ce, shafukanta buhuna.
A ɗauki nan, a sauke can,
har wuri ya koma bakin mai wawulo:
giɓi ko'ina, amma ba inda babban kaya zai miƙe ƙafa.
Sai a turo mai gyara
ya matsa buhuna gefe, ya haɗe giɓi ya zama fili.
Aikin kirki. Sai dai ba shi kaɗai ke yawo a siton ba.

Ya duba buhu, ya ga na wane ne, ya sunkuya.
Tsakanin dubawa da sunkuyawa,
tazarar da ƙiftawar ido ta zama shekara a gabanta,
mai buhu ya sallama shi, wani ya karɓa ya zuba nasa.
Mai gyara ya ciccibi kayan baƙo
ya kai wa wanda ya riga ya bar gari.

Na dasa 'yan rahoto a kowace kwana, in kama shi dumu-dumu.
Da ya ji ana rubutu, sai ya zama waliyyi.
Rubutun ya rage wa kowa sauri, ba wanda ya ci karo da wani.
Na cire su, ya dawo.
Kwana goma sha ɗaya.

Ba littafi ya ba ni amsa ba, warin albasa ne
da iska ta kwaso daga bakin tasha.
Na tuna siton babana, Malam Nomau,
shekarar da Arzika ya karanta suna a buhu,
ya je neman gammo,
kafin ya dawo an sayar, Jabbi ya goge gawayin ya rubuta wani.
Arzika bai sake kallo ba.
Albasar mutumin Jega ta kwana a hanyar kudu,
baba ya biya da kuɗin takinsa.
Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi:
Idon ɗazu ba ya shaidar yanzu.
Ɗora hannu tukuna, sannan ka karanta.

Layi uku na ƙara.
Kama kwaɗo. Sake duba mai shafi.
In ya sauya, saki, wuce,
giɓin ba zai gudu ba, akwai wani zagaye.
Na kuma jera makullan bi da bi,
kada wani ya riƙe ƙofa yana jiran baro,
wani ya riƙe baro yana jiran ƙofa,
su tsufa a tsaye.

Dubu arba'in yanzu, ba ta faɗi ba.
Ban ce na kashe shi ba.
Wanda bai gamu da kura jiya ba
bai isa ya rantse daji ya zama unguwa ba.

An kira assalatu. Na aika gyaran.
Wani da ban taɓa gani ba, a ƙasar da rana ke tsaka yanzu,
ya tambaya yadda na gano.
Na rubuta sunan Arzika, na daɗe ina kallonsa,
na goge,
na ce masa gwaji ne.